Yace in haɗa masa yara da direba zuwa Abuja, nace ba inda zasu

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekara uku kenan da rabuwarmu da baban yarana, yaranmu biyu, mace shekara 10 namiji shekara 6, suna hannuna a gidanmu nan Kano, shi kuma bayan mun rabu aka maidashi Abuja wajen aiki yayi aure acan. Bara da dogon hutu ya turo ƙaninsa ya ɗaukesu akan zasuyi sati biyu, basu dawo ba sai da aka koma makaranta da kwana goma, kan yarinyar ko tsifa ba'a mata ba, yaron kuma dama yana da asma ya dawo min yana tari. Bana yace ba wanda zai turo, wai in kaisu tasha in haɗasu da direba zai tarbesu a Zuba. Nace wallahi ba inda zasu, in yana son ganinsu yazo Kano. Shine yace ya daina turo kuɗin makaranta kuma sai ya ƙwace 'ya'yansa gaba ɗaya, ni kuma nayi bulokin ɗinsa. Mama tace in haƙura in barsu su tafi, yayana yace mu makashi a kotu. Kuma Anti akwai wanda yake nemana har an sa rana ƙarshen shekara. Ya zanyi?"

Wa'alaikis salam ƙanwata, sunanki a ɓoye yake kar ki damu. Saƙon nan naki sau biyu na karantashi, karatun farko raina ya ɓaci da baban yaran nan, a na biyu sai naga ke ma akwai inda zan ja miki kunne, toh ki daure ki karanta har ƙasa, kar ki tsaya a inda na goyi bayanki kiyi sikirinshot ki tura masa.

Maganar direba dai ki barta a inda kika ajiyeta, kinyi daidai, ko ni ce abinda zan faɗa kenan. Yarinya 'yar shekara 10 da yaro ɗan shekara 6 mai asma a ɗorasu a Sharon a Unguwa Uku a ce direba ga amana, haba dan Allah, buhun shinkafa ne? Kano zuwa Abuja fa ya haura kilomita 400, titin nan tun 2018 ake aikinsa, wani wajen an gama a miƙe santal wani wajen a karkatar daku hannu ɗaya kuna gaba da gaba da tireloli, tafiyar da kuka sa ran kafin la'asar kun sauka sai ta kaiku dare in aka haɗu da goslo ko mota ta samu matsala, kuma duk mai bin hanyar nan ya san dalilin da yasa mota take yin tsit kowa ya kama salati idan aka doso Rijana da Katari. Direba ba mugu bane, abincinsa yake nema, amma hankalinsa yana kan titi da fasinja da kuɗin mai. In aka tsaya sallah da cin abinci a Kaduna wa zai raka yarinyar banɗaki? Wa zai lura numfashin yaron ya fara sama sama saboda ƙura da hayaƙi? In taya ta fashe bayan magariba aka juye fasinja a wata motar, amanar ta koma hannun wa?

Na taɓa zama kusa da wata yarinya a mota irin wannan tafiyar, bata fi taki ba, an rubuta lambar babanta a takarda an soka mata a aljihun jaka, muka isa Zuba bayan isha'i aka kira lamba a kashe, direba ya sauke kaya yana ta duba agogo, ƙarshe ni da wata dattijuwa da ban taɓa gani ba muka zauna da ita a bencin mai shayi kusan awa biyu kafin uban ya iso yana ta bada haƙuri wai caji ne ya ƙare masa. Yarinyar batayi kuka ba, jakarta kawai ta rungume, har yau in na tuna sai naji wani iri. Toh a kan wannan kam kar ki sassauta.

Amma "ba inda zasu" ɗin nan da kika faɗa, da bulokin ɗin da kikayi, nan ne kika zubar da rabin gaskiyarki a ƙasa. Na san abinda ya jawo, wanda maciji ya sara in yaga tsumma gudu yake, bara ya karya alƙawari ya riƙesu har suka rasa kwana goma na karatu. Sai dai kinga kin haɗa magana biyu kin ɗaure a ƙulli ɗaya, akwai maganar da wa zasu tafi ta wace hanya kuma yaushe zasu dawo, wannan kina da bakin magana sosai a ciki, akwai kuma maganar zuwansu gidan ubansu ita kanta, wannan kuwa in kika hana kin shiga haƙƙin yaran kafin ma a zo kan nasa. Gidan ubansu ne, can ƙannensu zasu taso, sunansa suke amsawa a makaranta, ranar auren yarinyar nan shi ko danginsa ne zasu zauna a gaban liman. Yanzu duk wanda ya tambayeshi zai ce ta hanani 'ya'yana har bulokin ɗina tayi, ba wanda zai ji labarin direba, ke da kanki kika bashi wannan maganar kyauta.

Bari muzo kan yayanki da yake cewa kotu, dan na san irinsu, zuciya ce da kishin ƙanwarsa, Allah ya bar zumunci, amma ya kamata ku san me zaku tarar acan kafin ku taka. Kotunan shari'ar Musulunci a Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a Malikiyya riƙon yara bayan rabuwa, abinda malamai suke cewa hadana, na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. Haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ƙarara. Wannan da maza suke yi na cewa da an yaye ko da an kai shekara bakwai a miƙo musu 'ya'yansu al'ada ce kawai da fin ƙarfi. Sayyidina Umar da kansa bayan ya rabu da mahaifiyar ɗansa Asim, yazo Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci ya ɗaukeshi ya ɗora kan dabbarsa zai tafi dashi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyoshi suka ja har gaban Sayyidina Abubakar, Abubakar yace ya sakar mata yaron, Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yana nan a Muwaɗɗa. Umar fa. Toh "sai na ƙwace 'ya'yana" ba magana bace da ake yinta da baki kawai ta zauna.

Zuwa nan nasan kina murmushi, tsaya tukunna. Littattafan da suka baki wannan su ne dai suka bashi nasa makamin, kuma nasa ɗin daidai kan maganar tafiya yake. A Mukhtasar, shi ma littafin fiƙihun Malikiyya ne, an faɗa cewa idan uban yara yayi tafiya ta ƙaura, wato ya tashi ya koma wani gari da zama ba fatauci ko ziyara ba, nisan ya kai baridi shida, mil 72 kenan a lissafin malamai, yana da damar ya nemi tafiya da 'ya'yansa, da sharaɗin ya rantse zama yaje yi, garin da aminci, hanyar ma da aminci. Haka ita ma uwa in ta ƙaura irin wannan nisan riƙon yana iya faɗuwa daga hannunta. Abuja ta ninka wannan nisan, kuma mutumin nan da aikinsa da matarsa acan, ba mai cewa ziyara yaje. Ban ce miki da ya faɗa za'a miƙa masa ba, alƙali zai duba cewa shekara uku yana can ya barsu a hannunki baiyi magana ba, zai duba makarantarsu da lafiyar yaron da ita kanta hanyar, amma ki sani ƙofa ce da take a rufe yanzu, kuma ƙarar da yayanki yake son kaiwa tana iya zama mabuɗinta, lauya ɗaya ne zai raɗa masa a kunne. Kar garin neman gira a rasa ido.

Sannan ga maganar da kika saka a ƙarshen saƙonki kamar ba komai ba, alhali ita ce babba. An sa ranarki, Allah ya sanya alheri ya sa gidan zamanki ne. Annabi (SAW) ya faɗa wa matar da tazo masa da irin kukanki cewa ita tafi cancanta da ɗanta matuƙar batayi aure ba. Ranar da kika tare a gidan wani, haƙƙin riƙon ya tashi daga kanki. Abin daɗin shine ba kan uban yake faɗawa kai tsaye ba, mahaifiyarki ce a gaba, wato Mama, kuma tunda dama a gidanta suke ko ɗaki basu canza ba. Amma in kina da niyyar tafiya dasu gidan sabon miji su zama agola, toh sai da yardar ubansu ko shirunsa, kuma mutumin da kikayi bulokin ɗinsa a watan Yuli ba zai miki shiru a Disamba ba. Ina ga Mama wannan take hangowa da tace ki haƙura, ba tsoronsa take ba, tsofaffi basa faɗin dalilinsu duka.

Shi kuma nasa laifin ba ƙarami bane kar yaji kamar na wankeshi. Ci da sha da sutura da magani da kuɗin makarantar yaran nan wajibi ne a wuyansa ko sun je hutu ko basu je ba, ba kuɗin tikitin ganin 'ya'ya bane da zai ce in ba'a kawo ba ya fasa biya. Ranar da aka koro yarinyar daga aji saboda kuɗin tam wa ya hukunta, ke? A suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, ayar ku biyun duka ta kama, shi da kuɗin makaranta ke da ba inda zasu. In har ya cika maganarsa ya daina biya, wannan kam ƙara ce mai zaman kanta kuma mai ƙarfi, ki ajiye rasit ɗin makaranta da duk alat ɗin da yake turowa tun farko, kar ki goge komai.

Toh yanzu me zakiyi. Ki cire bulokin ɗin nan yau, amma kar ki kirashi, ku biyun a yadda kuke ko sallama kukayi sai ta koma faɗa. Mama ko kawunki su nemi babba a danginsa wanda yake jin nauyinsa, wanda ya karɓar masa aurenki in yana raye, ko yayarsa, kowane namiji akwai wanda in ya kirashi sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa wayar. Kuma saƙon da za'a kai ya fara da cewa yara zasu zo hutu, wannan kalmar ta fara shiga kunnensu, sai a biyo da yadda zasu zo. In kika fara da sharaɗi ba mai sauraron sauran.

Yadda zasu zo ɗin kuwa shine da babban mutum na jini, tafiya da dawowa. Shi yazo da kansa ranar Asabar ya kwana ya juya dasu Lahadi, mutane nawa suke yin haka duk sati daga Abuja saboda ɗaurin auren abokai, balle ɗaukar 'ya'ya. In aiki ya hanashi ya turo ƙanin nan nasa na bara, ko gwaggonsu, in duk babu toh ke ki bada ƙanwarki ko ƙaninki ta rakasu shi ya biya kuɗin motar mutum uku da na dawowar mai rakiyar, dan wanda ya nemi a kawo shi ke biyan kuɗin hanya. Motar sassafe, wadda zata tashi bayan asuba, banda ta rana balle ta yamma komai arharta. In yana da hali jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano awa ɗaya ne ko ƙasa da haka. Akwai kuma masu zuwa Kaduna a mota su hau jirgin ƙasa a Rigasa su sauka Kubwa ko Idu, nasan tun harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 wasu sun rantse sun bar jirgin nan, ya dawo aiki a Disambar shekarar kuma mutane suna hawa, wannan ku duba yanayin lokacin ku zaɓa, ni dai ko a jirgin ne sai da babba.

Sai ranar dawowa, wadda ita ce ainihin ciwonki in kin faɗi gaskiya. Kar a ce sati biyu, sati biyun Bahaushe kin san yadda yake miƙewa. A faɗi rana da kwanan wata, kuma ta zama saura aƙalla kwana biyar a koma makaranta saboda yaro ya huta a wanke yunifom a nemo littattafai. A rubuta a takarda, eh a rubuta, nasan za'a ce haba sai kace ba Musulmi ba, ki ce musu bashi ma da yake kuɗi ne Allah cewa yayi a rubuta balle 'ya'yan mutum. Ranar tafiya, ranar dawowa, sunan mai rakiya, wa zai biya, lokacin da zaki dinga kiransu a waya ko bidiyo kol, misali kullum bayan magariba minti goma ba wai ki wuni kina kira kina hana mutane sakat ba. Shi ya sa hannu ke ki sa, mutum biyu daga kowane ɓangare su shaida, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. In da mai unguwa ko limamin unguwarku a wajen ya fi. In dangi sun kasa, ofishin Hisbah suna zaman sulhu irin wannan kullum, kuma sulhun da aka rubuta a gabansu ba kamar maganar tsakar gida bane. Ba'a fafe gora ranar tafiya, ku fara tun yanzu kafin a bada hutun, kar sai jaka tana bakin ƙofa.

Amfanin takardar nan sai ranar da ya saɓa zaki ganshi. In ranar dawowa ta wuce bai kawosu ba, kar ki hau mota ki tafi Abuja ki tsaya ƙofar gidansa kina ɗaga murya, kar kuma yayanki ya ɗebi abokai, ki koma wajen shaidun nan, in bai ji ba sannan kotu, a lokacin ke ce mai riƙo a shari'a, ke ce kika bada yara da hannunki, ga sa hannunsa ga ranar da ya karya. Wannan ƙarar daban take da wadda zaki kai yau ki ce ranka ya daɗe ni dai bana so suje.

Akwai wata da baki ambata ba sai ta gefe, matar uban. Kan yarinyar da ya dawo ba tsifa nasan ita kike nufi. Wataƙila sakaci ne, wataƙila kuma tsoro ne, da yawan matan uba basa taɓa kan 'yar miji saboda kar gashi ya zube a ce sun yi wani abu, kin san mu dai. Ko ma menene, sati biyu ko uku yaranki a hannunta zasu ci su sha, shi yana ofis tun safe. Da ni ce ke zan karɓi lambarta in kirata sau ɗaya, gaisuwa, ga yara nan zasu zo amana, yaron yana da asma baya son turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi da sanyin esi, in ya fara ga abinda ake masa, in yaƙi lafawa asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne. Ki haɗa mata ɗan yaji da kuka da daddawa a jakar. Nasan zuciyarki tana cewa Allah ya kiyaye, toh ba dan ita zakiyi ba. Kuma in sun dawo dan Allah banda zaunar dasu ana tambaya me ta dafa, a ina kuka kwana, Abbanku ya saya mata mota ne, yaro yana ganewa sarai, daga nan zai koyi faɗa miki abinda kike son ji, ya je can ma ya faɗa musu abinda suke son ji. Abinda ya shafi lafiyarsu da sallarsu da ko wani ya taɓasu ki tambaya a hankali, musamman ita macen, ki koya mata tun yanzu abinda ba'a yarda kowa ya mata ba ko waye, sauran ki bari.

Ki tuna kuma tafiya ba tashi kaɗai bace. Gobe Allah zai hore miki ki so zuwa Umra dasu, ko mijin da zaki aura a maidashi Legas ko Fatakwal ki so suzo miki hutu, ranar ke ce zaki nemi yardarsa, fasfo ɗin yaro ma sai da takardar haihuwa da lambar NIN da takardar amincewar iyaye, wani ofishin jakadancin kuma ba zai buga biza ba sai yaga sa hannun uban. Dan haka ki sa a rubuta a takardar cewa sharuɗan nan kan kowa suke, duk wanda zai fita dasu daga gari ya sanar da ɗayan da wuri.

In Allah ya sa an daidaita, inhelar nan ki sayi biyu, ɗaya a jakarsa ɗaya a hannun mai rakiyar, ki gwada wa yayar tasa yadda ake shaƙa masa tun yanzu, ki sa ta haddace lambarki da ta Mama da ka ba a takarda ba. Kan nata kuma ki kaita a yarfa mata ƙanana ana jibi tafiya, irin wanda zai kai wata bai tsufa ba.